Taken Baba a Rediyo

Ina tsugune ina ba Baba kunu da hantsin Litinin wayata ta yi ƙara. Na duba, sai na ga sunan Baba Pindar, ƙanin mahaifinmu da ke ƙauye can bayan Biu. Gabana ya faɗi tun kafin in ɗauka, don mutumin nan ba ya kira haka kawai. Tun da ƙarfen sabis na yankinsu ya lalace, sai ya dogara sanda ya hau dutse kafin waya ta kama.

"Salomi," ya ce, iska na yanka maganar. "Sannunku da haƙuri. Allah ya ji ƙansa. Ki gaya wa Manasse kada ku kuskura ku sa shi a ƙasa sai uwarku ta iso."

"A sa wa a ƙasa, Baba?"

"Wane irin a sa wa? Yayana Obadiah mana!"

Na juya na kalli Baba. Yana zaune a kujerarsa ta roba, kunu na gangarowa ta gefen bakinsa da ya karkace, idonsa ƙur a kaina. Na ajiye kofin, na fita ƙofar gida da wayar.

Sai na koma baya kaɗan kafin ku gane yadda ƙanina Manasse ya jawo mana wannan abu.

Bara ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba. Magana ta tafi gaba ɗaya, hannun hagu kaɗai ya rage masa. Yana ji, yana ganewa, amma bakin ba ya ba shi haɗin kai. Da damina ta faɗi Mama ta tafi ƙauye noma, don da masarar gonar nan muke ci shekara, ta bar mini shi, ni da nake ɗinki a gida. Ba a daɗe da tafiyarta ba Baba ya tsiro da wata ɗabi'a. Da zarar ya zauna shi kaɗai sai ya fara wani gunji ta hanci, yana buga yatsu a hannun kujera. Abu ɗaya kullum: ya hau, ya sauko, ya ɗan yi ɗingishi a tsakiya, ya koma farko. Ni har ya fara cika mini kunne.

Manasse kuwa, ranar da ya ji, tsayawa ya yi cak da bokitin wanka a hannu.

Shi dai Manasse kiɗa ya karanto a Jos. Iyaye suna tura yara su zama likita, namu ya dawo mana da saksafon, abin busa na Turawa, a akwati da surutu cike da baki. Shi ke koyar da mawaƙan cocinmu, amma abin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne wata ƙungiya da suka haɗa su uku. Akwai Madu, Babarbare ɗan Yerwa, wato nan Maiduguri, wanda ya gaji kiɗan ganga tun kakanni. Akwai Lubna, malamar makaranta, mai gogen Turawa, wanda ake tallafewa da haɓa. Burinsu wai su ɗauki kiɗanmu na nan su aura masa jaz da kiɗan kilasik na Turawa. In ka tambayi Manasse mene ne jaz, ka jawo wa kanka, sai abincinka ya huce bai gama ba. Abin da na tsinta kawai shi ne, a jaz ana ɗaukar jigo ɗaya kowa ya yi yawo da shi yadda ransa ya so, ya dawo. A kilasik kuma komai a tsare yake, ba mai ƙara ko tari.

"Yaya Salomi, kin ji abin da Baba ke yi kuwa?" ya ce. "Ki ƙirga bugun. Ba ya cika daidai, akwai ɗaya da yake tsallakewa. Turawa shekara da shekaru suke neman irin wannan!"

"To su zo su ɗauka, su bar ni in yi barcin rana," na ce.

Ya samo tsinza a wurin wani ɗan gudun hijira a Gamboru. Kayan kiɗan mutanenmu ne na kudu, katakai jere a kan ƙahonin shanu, ana bugawa da sanduna. Ya zauna gefen Baba sati da satittika yana kwaikwayo har ya kama waƙar tsaf. In ya buga, sai Baba ya ɗaga hannu yana girgizawa, yana wani sauti a maƙogwaro. Mu kuma muka ce daɗi yake ji. Mu 'yan birni ne, a Maiduguri aka haife mu, yaren ma sai mun yi da gaske muke haɗa jimla.

A tsakar gidanmu suke gwaji da yamma, suna hana ni jin ƙarar keken ɗinkina. Na yi masifa har na gaji. Amma gaskiya ɗaya ce, abin ya yi kyau. Manasse ya tsara shi irin na kilasik: tsinza za ta fara ita kaɗai, ta faɗi waƙar Baba tsirara, ta maimaita, ba ganga ba komai, wai don kunne ya riƙe jigon. Sannan gogen Lubna ya shigo daga ƙasa a hankali, yana jan sautin kamar ana zare zare daga tsumma. Sai Madu ya sako ganga irin ta bikin Barebari, ya cike gurbin nan da ake tsallakewa, abin ya miƙe. Daga nan Manasse ya ajiye sanduna ya ɗauki saksafon ya yi ta yawo, ya yi kuka da shi, ya yi dariya da shi. Maƙwabciyarmu Ya Falmata, da ta fi kowa ƙorafi, ran nan na kama ta tana rangaji a bakin katanga da ludayi a hannu.

Ranar Lahadi da la'asar wani gidan rediyo ya sa kiɗan a shirin al'adu. Manasse da bakinsa ya ce wa mai gabatarwa, "Wannan na mahaifina ne, Malam Obadiah Dzarma." Ni na kai rediyon kusa da kunnen Baba. Tsinza na farawa ya zabura, ya kai hannu ya make rediyon ya faɗi ƙasa, hawaye na zuba. Na ce Allah sarki, tsoho ya ji sunansa a rediyo. Har share masa fuska na yi ina masa tsiya.

To, shi ne washegari na tsaya a ƙofar gida ina ce wa Baba Pindar, "Baba lafiyarsa ƙalau. Yanzu na ajiye kofin kununsa. Wa ya ce muku ya rasu?"

Iska ta cika wayar. Na ɗauka layin ya yanke.

"Ba ku kuka sa takensa a rediyo ba jiya?"

"Wane take?"

"Ke yarinya, kada ki haukata ni! Taken mutuwarsa! Muna zaune gindin tsamiya da uwarki aka buga shi da tsinza, aka maimaita, aka kira sunansa."

Nan ya yi mini bayani, yana haki, rabi Hausa rabi yare. A danginmu, ranar da namiji ya yi aure, mai tsinza yana tsara masa take nasa shi kaɗai. A ɗaki ake koya masa, shi da amaryarsa da 'yan'uwansa maza. Daga ranar ba a sake buga shi a fili sai ranar da ya mutu. In an buga, ba a tambaya, an riga an faɗa.

"Amma Baba, ba ku ji sauran ba? Akwai ganga, akwai bushe-bushe, kiɗan rawa ne fa!"

"Uwarki ba ta kai nan ba, ta riga ta zube. Mu da muka ji, cewa muka yi haka 'yan birni ke yi yanzu."

"Ina Maman take?"

"Ta taso tun asuba. Ta samu wata a-kori-kura mai kayan gwari."

"Ta wace hanya?"

"Na ce ta zagaya, ta kwana a hanya, ta ƙi. Ta ce ba za a rufe mijinta ba ta gan shi ba. Ta Damboa suka bi."

Duk wanda ke zaune a Maiduguri ya san abin da wannan kalma take nufi. Mu kanmu rabonmu da bin hanyar nan har na manta. Mama ma da za ta tafi zagaye ta yi, ta yi doguwar tafiya, don kowa ya san mutanen daji suna fitowa, suna binne abubuwa a ƙasa. Na kira lambarta nan take. A kashe. Na sake kira. A kashe. Garin sake dannawa wayar ta suɓuce ta faɗi cikin kwata.

Manasse yana ɗaki yana goge saksafon ɗinsa da tsumma, yana fito. Na shiga na rufe ƙofa don kada Baba ya ji, na gaya masa. Ban san na iya zagi haka ba sai ranar. Na ce masa mai kunnen jemage, wanda ya ji ɗingishin kiɗa amma bai ji ubansa na roƙonsa ya bari ba. Na ce Turawan da ke neman bugun su zo su nemo mana uwarmu. Ya zauna a bakin gado, leɓensa ya yi fari fat, sai cewa yake, "Hannun da yake girgizawa... Yaya, hana ni yake yi."

"Tashi, ba lokacin wannan ba ne. Kira Madu."

Madu yana da ɗan'uwa direba, ya san mutanen tasha. Na leƙa ta katanga na roƙi Ya Falmata ta zauna da Baba. Na ce wa Baba za mu kasuwa sayen yadi. Ya kalle ni, ya kalli Manasse da ke ɓoye fuska, ya kama bakin zanena da hannun nan nasa ɗaya ya riƙe gam. Sai da na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

A tasha muka tarar da Madu ya riga mu, ko hula bai sa ba. "Wushe, Ya Salomi," ya gaishe ni da Barbarci, ya ja mu wurin wani dattijon direba da ke zaune a benci yana cin goro. Suka yi Barbarci, ina kallon bakinsu ina neman abin da zan tsinta. Dattijon ya juyo gare ni.

"'Yata, motocin Biu a Damboa suke taruwa. Ba mai wucewa shi kaɗai, sai sojoji sun duba hanya sun yi rakiya. In an taso da wuri, kafin la'asar suna shigowa. In ba a taso ba, a can za su kwana."

"To a kira wani a Damboa mana, a ce mata ta sauka, mijinta yana nan da rai!"

Ya girgiza kai. "Yau tun safe waya ba ta shiga."

Duk da haka suka gwada. Madu ya kira ɗan'uwansa, ɗan'uwan ya ba da lambar wani mai shayi, mai shayin a kashe. Wani kwandasta ya ba da lambar wani ɗan sintiri, ita ma a kashe. Lubna ta bar aji ta zo, ta zauna kusa da ni tana kiran duk wanda ta sani, har da iyayen ɗalibanta. Ni kuwa lambar Mama kawai nake dannawa, matar nan ta kamfani tana gaya mini abu ɗaya, har na ji kamar in shaƙe ta.

Tsoro iri-iri ne, ranar na sani. Akwai na lokacin da muke tasowa, ana harbi muna kwance ƙarƙashin gado, wannan aƙalla kana tare da naka. Wannan kuwa rana tsaka ne, mai lemo na talla, masu Keke Napep na rigima kan fasinja, kowa na harkarsa, ni kaɗai na san uwata tana zaune kan buhun tattasai a bayan mota tana kukan mutumin da bai mutu ba. Na riƙa ganinta a idona da ɗankwalinta baƙi. Na san ko ruwa ba ta sha ba, don na san halinta.

Bayan azahar na ga tashar ta canza. Ba wanda ya yi ihu. Direbobi dai suka fara taruwa wuri ɗaya, suna magana ƙasa-ƙasa, wani ya cire hula ya riƙe a hannu. Dattijon nan ya tofar da goronsa ya tashi. Madu ya je, ya daɗe, ya dawo yana kallon ƙasa.

"Faɗa mini," na ce.

"Ba a tabbatar ba tukuna."

"Madu, kada ka yi mini wannan. Faɗa mini!"

"Sun taso. Wai mota ɗaya ta taka abu a hanya."

"Wace iri?"

"Ba a sani ba. Wallahi ba a sani ba, Ya Salomi."

Manasse ya juya ya yi amai a gindin taya. Ban tausaya masa ba, ban kuma iya zaginsa ba, ƙarfin ya ƙare. Lubna ta riƙe ni tana cewa motocin suna da yawa, ba lallai ba ne, ba lallai ba ne. Na ce ta yi mini shiru. Daga baya na ba ta haƙuri, amma a lokacin ko muryar mala'ika ba na son ji.

Muka ɗauki keke zuwa bakin gari, wajen Molai, inda shingen sojoji yake. Ba mu kaɗai ba ne. Labari ya riga ya zaga, mutane sun cika gefen titi, mata da goyo, tsofaffi da carbi, wani mutum da rigar aikin banki yana ta kai da komowa. Sojoji suka ce kowa ya tsaya bayan igiya. Muka tsaya. Rana ta doke mu har ta gaji ta fara sauka. Wata mata kusa da ni tana ta salati, ni ina addu'ar Ubanmu wanda ke cikin sama, in na kai tsakiya sai in manta in koma farko. Can na ji ta kama hannuna, ban san ta ba, ba ta san ni ba, muka riƙe juna.

Manasse ya matso. "Yaya, in wani abu ya same ta..."

"Rufe mini baki. Kada ka ƙarasa."

"Ni na kira sunansa. Da ban kira sunan ba..."

"Na ce ka rufe baki!"

La'asar ta wuce kafin mu hango ƙura. Motar sojoji ce a gaba, sannan sauran suka biyo a jere, a hankali, kamar masu rakiyar gawa. Igiyar ba ta yi amfani ba, mutane suka ture ta. Kowa na gudu yana leƙa tagogi yana kiran suna. Ni ma na shiga ciki ina "Mama! Ketura! Ketura Obadiah!" Motar farko babu. Bas ta biyu babu. Wata a-kori-kura ta wuce da buhunan gawayi, na bi ta da gudu, ba ita ba ce. Wata ta zo gilashinta duk ya zube, direban ya ɗaure kai da rawani ja, da na matsa na ga ba rawani ba ne, tsumma ne jini ya rina shi. Na tambaye shi motar kayan gwari daga Biu, ya kalle ni kamar bai san Hausa ba.

Motocin suka fara ƙarewa. Matar da muka riƙe hannu ta samu ɗanta, ta rungume shi tana ihu, ni kuwa, Allah ya yafe mini, haushinta na ji. Na tsaya a tsakiyar titi, takalmina ɗaya ya ɓace, ina ƙirga abin da ya rage da ido.

Madu ne ya hango ta. "Ga ta can! Ya Salomi, ga Mama can!"

A bayan wata babbar mota take, cikin mutanen da aka kwaso, tana zaune a kan taya. Baƙin zane, baƙin ɗankwali, ƙafa ba takalmi, jikinta duk jar ƙasa da 'ya'yan tumatir da suka fashe. Manasse ya haye ya sauko da ita kamar jaririya. Na shafa ta ko'ina, hannu, ƙafa, ciki, ina neman rauni. Babu, sai ƙujewa a gwiwar hannu. Wani mutum da ke cikin motar ya ce wadda ke gabansu ce ta taka, tasu ta kife, Allah ya yi da sauran kwana. Na durƙusa a kan kwalta na fashe da kuka irin wanda ban yi ba tun ina yarinya.

Mama ta dafa kaina. "Yi haƙuri, 'yata," ta ce da ƙarfi, har mutane suka juyo. "Yi haƙuri. Ya huta. Kun rufe shi?"

Na miƙe na kama kafaɗunta. "Mama, Baba yana nan! Bai mutu ba! Kuskure ne, Manasse ne ya buga a rediyo!"

Ta kalli bakina, ta gyaɗa kai. "Na sani. Na sani. Ya sha wahala. Kun rufe shi, ko kun jira ni?"

"Mama, yana da rai!"

"Kun yi masa wanka? Wa ya yi masa?"

Na ɗauka ruɗewa ce. Na sake faɗa da yare, da ɗan abin da na iya. Manasse ya faɗa. Madu ya sa bakinsa daf da kunnenta ya faɗa da muryar da yake kiran amarya a filin biki. Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Lubna ce ta ɗaga gefen ɗankwalin a hankali, ta kalle ni. Jini ya gangaro daga cikin kunnen ya bushe a wuya. Ta juya ɗaya gefen. Shi ma haka.

Lubna ta ce a wuce asibiti kai tsaye. Muka gwada nuna mata, ta fizge hannunta ta ce ba inda za ta sai wurin mijinta, in mun rufe shi a kai ta kabarin. Mama ba ta yi boko ba, balle a rubuta mata. Manasse ya ciro waya ya nuna mata hoton Baba da ya ɗauka shekaranjiya yana zaune a kujera. Ta karɓa ta manna a ƙirji, ta ƙara rushewa da kuka. Na nuna mata kaina, na nuna baki ina kwaikwayon cin abinci, na nuna hanyar gida. Ta ce ba za ta iya cin komai ba.

Haka muka shiga keke, ita a tsakiya. Duk tsawon hanya tana magana da ƙarfi, mai keken na waiwaye. Ta ce tun da ta ji taken ta san ita ta yi laifi da ta bar shi ta tafi gona. Ta ce a ɗakin uwarsa aka koya musu, tana amarya, kunya ta hana ta ɗaga kai, shi kuma yana ta kuskure mai tsinza na masa faɗa. Ta tambayi wa ya buga a rediyon, ta ce ko waye hannunsa ya faɗa daidai, Allah ya yi masa albarka. Manasse ya kifa kai a gwiwa, bayansa na girgiza. Ta shafa masa ƙeya ta ce namiji ba ya kuka haka, yanzu shi ne uban gida.

Da muka shigo layinmu ta fara dube-dube. Ba rumfa, ba kujeru, ba mata a ƙofar gida, yara na buga ƙwallo. Ta ce, "Af, har an watse? Mutanen coci ba su zauna ba?" Na riƙe hannunta muka shiga.

Baba yana inda na bar shi. Ya Falmata ta ce tun fitarmu ya ƙi ci, ya ƙi a mai da shi ɗaki, idonsa na kan ƙofa. Mama ta yi taku biyu a tsakar gida ta tsaya. Wayar Manasse ta faɗi daga hannunta. Na ji jikinta ya saki, na tare ta ta baya, ta ture ni. Ta tafi a hankali, ta durƙusa a gabansa, ta kai hannu ta taɓa gwiwarsa, ta janye da sauri. Ta sake taɓawa. Ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta sa tafinta a ƙirjinsa ta bar shi a wurin. Baba yana ta ƙoƙarin magana, sautin nan na maƙogwaro na fita, hannunsa na shafa baƙin ɗankwalin yana neman cire shi.

"Obadiah," ta ce. "Kai ne? Obadiah!"

Ya Falmata ta rufe baki da gyale tana kuka. Madu da Lubna suka tsaya a zaure, ba su shigo ba. Manasse ya rarrafa ya zo gabanta a kan gwiwoyinsa, ya fara bayani, tun daga ranar bokitin wanka, yana haɗawa da roƙon gafara, kalmomin na karo da juna. Mama ta dube shi. Ta dube ni, nima bakina na motsi. Ta dubi Baba, ta dubi Ya Falmata. Sai ta yi 'yar dariya cikin hawaye, ta share fuska da bakin zane.

"To me kuma ake ta raɗa?" ta ce. "Mutumin nan bai mutu ba. Ku ɗaga murya mana, ban ji abin da kuke cewa ba."